Amsar Wasiƙunku: Wai Babu Abin Yi da Hunturu?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani matashi manomi a yankin Funtuwa. Ya ce shi kam hunturu ya ishe shi. An gama girbi, an kai amfani gida, ba aikin fari ba na baƙi, sai a jira hantsi a fito shan rana, da magariba a shige ɗaki. Don haka yana shawarar ya sayar da buhu huɗu na masararsa ya sayi sabuwar waya da rigar sanyi irin ta 'yan birni, ko zaman ya yi masa daɗi. Yana tambaya ko mun ga aibu a ciki.

To ƙanena, guminka ne, ba mai hana ka. Amma tunda ka tambaya, ni dai na ga aibu. Hatsi ya fi arha da kaka, lokacin da kowa ke kai nasa kasuwa. Buhun da za ka rabu da shi yau, shi za ka koma nema a watan Yuli ko Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabo kuma bai nuna ba. Waya kuwa ba a ɗora ta a murhu.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi babu abin yi. Tsaya mu duba iskar nan da kake kuka da ita. Daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso hamadar Sahara, tun daga ƙarshen Nuwamba har wajen Maris. Yawancin hazon da take kawowa daga Bodele yake tasowa, wani ƙaton kwari a arewacin Chadi inda tafki ya ƙafe tun zamanin da. Ba ta da laima, shi ya sa take fasa leɓe da dunduniya. To wannan bushewar ce kakanninmu suka mai da ita abin aiki. Ita ke busar da tumatir ya zama kauɗa, ita ke busar da kuɓewa da tattasai ba tare da sun ruɓe ba. Ita ke busar da tubali, shi ya sa ba a ginin ƙasa da damina. Sanyin ma yana da ranarsa: alkama ba ta yi a ƙasarmu sai da shi, don haka manoman rani na Kadawa, masu shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, suke shuka ta a Nuwamba da Disamba.

Yanzu leƙa gidanku. Dangar da iska ta kwantar, wa zai saƙa mata sabuwar zana? Ga gamba ta bushe a daji. Ga rama tana jiran mai tufka igiya. Ga jinka ta tsufa, ga katanga da ruwan bana ya zaizaye tana son yaɓe. Duk wanda bai yi waɗannan yanzu ba, zai yi su a gurguje ranar da hadari ya haɗo, ko ya biya wani ya yi masa.

Matsalarmu ita ce ba mu ɗaukar irin wannan a matsayin fasaha. In aka ce mai fasaha, sai hankalinmu ya tafi kan mawaƙi ko ɗan fim. Amma dubi innarka tana ɗinkin faifai, yadda take sa ja nan, kore can, ba takarda ba alƙalami, kuma zanen ya fita daidai. Dubi mai ɗinkin hula a zaure, yana ƙirga zare da ido. Dubi uwargida da kwano ɗaya na gero: yau kunun tsamiya, gobe fura, jibi tuwo, gata dambu, yara ba su ma lura abu ɗaya suke ci ba. Wallahi wannan ƙwaƙwalwa ce. A kwalejin horon malamai har maki ake ba mu in muka haɗa kayan koyarwa da kara da gwangwani. Yaron ƙauye kuwa yana ƙera motar kara mai ƙofa da taya, ba wanda ya taɓa ba shi ko sisi.

Maganar sanyin kansa ba ta kai ta sayar da buhu huɗu ba. Bargo ɗaya mai kauri, rigar sanyi ko ta gwanjo ce, man kaɗanya a ƙafa da leɓe, ruwan ɗumi da safe, kunu mai citta da kanumfari. Yara da tsofaffi su ne za a fara rufewa, su sanyi ya fi kayarwa.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi, kuma ina roƙon kowa ya saurara. Kada a kwana da kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Mutum sai ya ji barci ya yi masa daɗi, daga nan ba tashi. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon, a kashe wutar sarai kafin a kwanta, don da hunturu ko tartsatsi ɗaya ya ishi jinka.

Ƙanena, in wayar ta zama dole, saƙa zana goma ka kai kasuwa ranar ci, ko ka nemi aiki a lambun wani, ka tara a hankali. Masarar dai a bar ta a rumbu. Muna jiran wasiƙarka ta gaba mu ji yadda aka ƙare. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.