Ƙiyasi kafin lissafi

 Yau za mu yi magana bisa ƙiyasi, wato sanin wajen da amsa za ta faɗa tun ba a ɗauki alƙalami ba.

Mu ce ka kai wake kasuwa. An ɗora bisa sikeli, an samu kilo 48,5. Wannan ɗan waƙafi da ke tsakanin 8 da 5 shi ke raba cikakken kilo da guntunsa. Ke nan kilo 48 da rabi. Mu ce kuma kilo ɗaya tamma 190 ne, wato dala 38.

Kada ka yi gaggawa. Kilo 48,5 ya kusa 50. Tamma 190 ta kusa 200. To, 50 sau 200 nawa ne? 5 sau 2, 10. Ka maido sifiri ukun da ka aje: 10 000, jika goma. Tun da duka biyun ƙara su ka yi, kuɗinka ba za su kai jika goma ba, amma za su matso ta. Da nawa za su kasa? Kilo ɗaya da rabi da ka ƙara, wajen tamma 300 ne. Dala biyu-biyun da ka ƙara bisa kilo 50, tamma 500 ne. Sai ka jira wajen 9 200. Lissafin gaskiya ya ba da 9 215.

Yanzu in mai saye ya rubuta maka 7 215, ka san da gyara. Ba sai an yi faɗa ba, ka ce a sake. Sau da yawa ba cuta ba ce, waƙafi ne ya ɓata. In an manta shi, amsa ta zama 92 150. In ya goce da gida ɗaya, ta zama 921,5, ko jika guda ba ta cika ba. Har na'urar lissafi ta cikin salula, abin da yatsa ya danna shi take bi.

A kula da wani abu kuma: takarda da tamma take magana, baki da dala. In ka ga 500 a rubuce, dala ɗari ce, ba dala ɗari biyar ba.

Wajen tarawa ya fi sauƙi. Buhu uku: kilo 97,8, kilo 102,3 da kilo 99,6. Kowane yana kusa da 100, jimla wajen 300. Gaskiyarta 299,7.

Ga aikin da za ku kai wa malaminku: yadi mitir 9,8, kowane mitir tamma 1 450. Ku fara faɗin ƙiyasinku da baki, sannan ku rubuta lissafin bisa allo ku gwada su. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.