Jawabi Kan Farcen Jita Ga Dattawa Da Mawaƙan Ikilisiya



Kuka iri biyu muke ji a ƙananan ikilisiyoyinmu. Dattawa suna cewa ƙarar jita tana danne waƙa har ba a jin kalmomi. Samari kuwa suna cewa jitar ce ta tsufa, sai a sayi sabuwa, ga shi baiko bai kai ba. Kafin kwamiti ya taɓa asusu, muna roƙo a duba ɗan abin nan da makaɗi yake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuniya yana kaɗa tsirkiya, wato farcen jita. Masu garaya sun daɗe da sanin aikinsa, domin da guntun busasshiyar fata mai tauri suke kaɗawa.

Abu na fari shi ne kauri. Da milimita ake auna shi, sau da yawa kuma a rubuce yake a jikin farcen. Siriri, wanda bai kai 0.60 ba, yana lanƙwasa idan ya taɓa tsirkiya, saboda haka yana shanye rabon ƙarfin hannu, sauti ya fito sakayau. Shi ya dace da mai share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya yana raka jama'a. Mai kauri, daga milimita 1 zuwa sama, ba ya lanƙwasa. Duk ƙarfin hannu yana sauka a kan tsirkiya, sauti ya fito cike da amo. Wannan na mai bin muryar waƙa ne da tsirkiya ɗaya-ɗaya. Idan saurayi mai nauyin hannu ya ɗauke shi yana share duka shida a ƙaramin ɗaki mai rufin kwano, to, muryar mata da yara ta ɓace ke nan. Ga mai koyo, matsakaici kamar 0.73 ya wadatar.

Abu na biyu shi ne abin da aka yi shi da shi. A dā da ƙoƙon bayan kunkurun teku ake yi, kafin a hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji ta 1973. Kamfanin D'Andrea na Amurka ya soma yin na roba tun 1922. Na nailan yana da laushi, wasunsa kuma da kaushi a mariƙi, ba sa suɓucewa idan hannu ya yi gumi. Samfurin Tortex na kamfanin Dunlop, wanda ya fito a 1981, launinsa yana nuna kaurinsa: ja 0.50, rawaya 0.73, kore 0.88, shuɗi 1.0. Brian May na ƙungiyar Queen da tsohon sisin Ingila yake kaɗawa, amma kada mu kwaikwaye shi, gama ƙarfe yana cin tsirkiya, tsirkiya kuwa kuɗi ce.

Abu na uku shi ne baki. Mai tsini yana ba da sauti mai kaifi, yana kuma taimakon saurin hannu. Mai dagaggen baki yana sassauta sauti. Wanda farce ɗaya gare shi, yana iya juya shi ya kaɗa da kafaɗarsa. Masu yanka nasu daga tsohon katin banki su goge bakin da kyau, in ba haka ba zai riƙa karce tsirkiya.

Ga roƙonmu. Kowace ikilisiya ta saya wa makaɗanta farce uku: siriri, matsakaici da mai kauri. Ranar koyon waƙa, dattijo ɗaya ya zauna a bencin baya, a rera baiti ɗaya sau uku, kowane da farcensa, shi kuma ya faɗi wanda ya fi jin kalmomi da shi. Idan bayan haka jitar ba ta gyaru ba, sai a kawo zancen sabuwa gaban kwamiti.