Mai Bi a Zongon Lome: Yaya Ake Kiran Maƙwabci Zuwa Biki?

Ga jawabin shirinmu na wannan mako a rubuce, domin wanda bai samu saurara ba.

Akwai tambayar da masu bi na Zongo suke yawan aiko mana. Suna cewa: Yesu ya umarci almajiransa su kai bishara ga dukan al'ummai, kamar yadda yake a ƙarshen littafin Matiyu. To, ni da nake haya a gidan Alhaji, nake ɗaukar kaya bashi a shagonsa, 'ya'yana suna cin tuwo da nasa, ta ina zan fara? In na yi magana, ina tsoron zumunci ya lalace. In na yi shiru, zuciyata ba ta ba ni hutu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, amsar tana cikin sunan unguwar taku. Zango wurin saukar matafiya ne. Fatake Hausawa da suka sauka Lome tun zamanin Jamusawa, masu goro da masu shanu, kowannensu yana da maigidan da zai ba shi ɗaki da abinci, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa Togblekope, can arewa a kan hanyar da ta nufi Kara da Dapaong. Gidaje sun rushe, amma al'adar karɓar baƙo ta bi su har can. Wanda ya tashi a Zongo ba sai an koya masa yadda ake cewa "bismilla" ba.

To, da irin wannan hoton Yesu ya kwatanta Mulkin Allah. A Luka sura 14 ya ba da misalin wani mutum da ya shirya babban biki. Waɗanda aka fara gayyata suka shiga kawo uzuri: wannan ya sayi gona, wancan ya sayi shanun huɗa, na uku sabon ango ne. Sai maigida ya aiki bawansa lungu-lungu ya kwaso matalauta da guragu da makafi. Da aka ga har yanzu da sauran wuri, ya sake tura shi bayan gari, ya ce ya matsa wa mutane su shigo.

Wannan kalma ta matsawa, wasu sun yi mata mummunar fahimta a tarihi. Amma Bahaushe ya san ma'anarta. Ka tarar da mutum yana cin abinci, ya ce maka bismilla, kunya ta sa ka ce ka ƙoshi. Ya sake cewa, "Haba, ko loma ɗaya." Matsawar ƙauna ke nan, domin talaka ba ya yarda cewa da shi ake. Ba wanda ya taɓa ɗaure baƙo ya ɗura masa tuwo. Kuma ka lura, bawan nan ba shi ya dafa ba, ba shi ya gina gidan ba. Aikinsa isar da saƙo. Juya zuciya na Ruhu Mai Tsarki ne.

Waɗanda suka riga mu ma da haƙuri suka fara. Wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, ya zauna da mai mishan James Schön yana koya masa Hausa, har aka buga Bisharar Matiyu da harshenmu a 1857. Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, yana magani yana koyarwa. Sai a 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Shekara 75 ke nan tsakanin Matiyu da cikon aikin. Kai kuma kana so maƙwabcinka ya amsa a zama ɗaya?

Saboda haka ga abin da muke roƙonka. Ka fara da ma'auninka da alkawarinka. In kana cika mudu, kana biyan bashi ran da ka ce, kana zuwa gaisuwar mutuwa da suna, wata rana shi da kansa zai tambaye ka abin da ka dogara da shi. Ran nan kada ka yi nuƙu-nuƙu. Wasiƙar Bitrus ta fari ta ce mu zauna da shirin ba da amsa, cikin tawali'u da girmamawa. Faɗa masa abin da Almasihu ya yi maka, ka ce masa ƙofar majami'a a buɗe take ranar Lahadi. Kada ka zagi abin da yake girmamawa, ko da lasifika ko a WhatsApp. Kada kuma ka haɗa gayyata da buhun shinkafa ko kuɗin asibiti; taimako daban, bishara daban.

Ka kuma san nauyin abin da kake kira a kai. Wanda ya amsa yana iya rasa ɗaki, ko jari, ko gaisuwar iyaye. In ikkilisiya ba ta shirya zama masa maigida ba, kamar yadda Zongo ta zama wa fatake, to ba ta gama shirin biki ba.

In kuwa ya ce a'a? Ka ce madalla, gobe da safe ka gaishe shi kamar jiya, ka ci gaba da yi masa addu'a. Maƙwabcinka ne har yanzu.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. A gaida mutan gida.