Kaska da Feshin Dabbobin Gida

 

Uwargida, akuyarki ita ce asusunki. Ita ce kayan ɗakin 'yarki, ita ce kuɗin asibiti ranar da ciwo ya taso. To yau maganar kaska za mu yi, domin da yawa muna cewa: "Na sa an yi feshi, ga ta ta dawo, maganin nan jabu ne."

Ba lallai jabu ba ne. Kaskar da kike gani a jikin dabba kaɗan ce. Idan macen ta sha jini ta ƙoshi, sai ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai dubbai a cikin ciyawa, da gindin turke, da tsagar katanga. Feshi yana kashe wadda ke jiki, amma bai kai ga ƙwan ba. Bayan 'yan makonni sai su ƙyanƙyashe su sake hawa. Kin ga feshi ɗaya ba ya raba ki da ita.

Saboda haka da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ta fi yawa, akan maimaita duk mako biyu, ko duk mako idan ta yi ƙamari. Da rani kuwa a rage, sai an gan ta. Kuma kada a ce kullum za a yi. Yawan feshi, musamman da maganin da aka cika wa ruwa don tsimi, yana barin masu taurin rai su hayayyafa, har maganin ya daina ci.

Ki roƙi maigida ya sayo maganin dabbobi, irin su amitraz ko cypermethrin, daga malamin dabbobi, ya tambayo awon ruwa da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Maganin feshin gona ko ota-fiya-fiya, don Allah a'a, yana kashe dabba. Amitraz kuma ba a sa wa doki. Mai ciki da yara su nisanci wurin, a kulle kaji kada su tsinci kaskar da ta faɗo.

Ki riƙa duba cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya, hantsa da tsakanin kofato. Kaska tana lalata nono, tana buɗe wa kirci hanya. Kada ki fasa ta da farce, jininta na iya ɗauke da cutar da ke kama mutum. Ki jefa ta a wuta ko kalanzir. Ki share turke, ki liƙe tsagar bango. Dabbar da aka sayo daga kasuwa, ko Sheme ce ko Ƙanƙara, a ɗaure ta gefe a yi mata magani kafin ta shiga cikin sauran.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.