Tarin da ya ƙi jin magani: ciwon dajin huhu da talakan Arewa

 

Yau a kan ciwon dajin huhu za mu yi magana. Na san wani zai ce a ransa: wannan ai ciwon Turawa ne, mu da ke fama da masassarar cizon sauro ina ruwanmu? To, ku saurara.

A lissafin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022, mutum kusan miliyan 2.5 suka kamu da dajin huhu, kusan miliyan 1.8 suka rasu. Duk cikin cututtukan daji babu mai kisa kamarsa. Amma in ka duba lissafin ƙasarmu, sai ka ga kamar bai dame mu ba. Me ya sa? Rajistar ciwon daji ta Nijar, wadda aka buɗe a Yamai a 1992, tana rubuta wanda ya isa gaban likita aka auna shi ne. Manomin Sukukutan ko na Dumega da ya yi tari har ya cika a ɗakinsa, ba ya cikin littafin kowa.

Mu bi hanyar da mara lafiya ke bi. Dattijo a wani ƙauye na Gesheme ya fara tari. Sati biyu, wata guda. Ya sha jiƙo, ya sayi ƙwaya wajen mai tebur. Da ya fara ganin jini a majina, ga rama, sai a kai shi CSI. Majo zai fara tunanin tarin fuka, kuma yana da gaskiya, don shi ya fi yawa a wurinmu. Alamunsu kusan ɗaya ne: tari mai daɗewa, jini, ciwon ƙirji, rama. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha. In tarin fukan ne, alhamdu lillahi, mutum ya warke. In daji ne, wata shidan nan su ne damar da yake da ita, kuma sun tafi.

Don ku gane nauyin wata shida: a Amurka, in aka gano ciwon tun bai fita daga huhu ba, kimanin mutum shida cikin goma suna kai shekara biyar da rai. In ya riga ya bazu a jiki, da ƙyar ɗaya cikin goma ke kai wa. Ciwo ɗaya ne, lokacin ganewa ne ya raba su. Shi ya sa can ba su jiran tari. Wani babban bincike da suka fitar a 2011 ya nuna cewa ɗaukar hoton sikana na ƙirji ga masu yawan shan taba ya rage mace-mace da kashi 20 cikin 100. Yanzu wanda ke tsakanin shekara 50 da 80, da ya sha kwalin sigari guda a rana na shekara 20, ana ba shi shawarar yin hoton kowace shekara, ko da lafiyarsa ƙalau. Mu nan mutum na tofar da jini, hoton ƙirji na farko ma sai an sayar da akuya.

In an yi sa'a an yi zargin daji fa? Tabbatarwa sai an yi sikana, a ciro ɗan tsoka daga huhu a duba. Gashin daji kuwa, sai a 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta ƙasa ta fara yin shi a Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ci gaba ne, mun yaba. Amma daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ya haura kilomita 270, ban da hanyar ƙauye kafin a hau kwalta. Ga kuɗin mota na mara lafiya da mai jinya, ga masauki, ga abinci, ga awo. Gashi ba na rana ɗaya ba ne, makonni ake yi. In ya faɗo cikin damina, wa zai yi noma? Nan ne iyali ke zama su yi shawara, a ce a mai da tsoho gida, a bar wa Allah. Mai hali kuwa, ko mai uwa a gindin murhu, jirgi zai hau zuwa Maroko ko Tunisiya.

Akwai wani giɓi a doka ma. Tun 2006 da 2007 gwamnati ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tiyatar haihuwa, da dajin mama da na mahaifa kyauta ne. Dajin huhu ba ya ciki. Ba mu ce a rage wa iyayenmu mata komai ba. Cewa muka yi a faɗaɗa.

Kada kuma wani ya ce mai ciwo shi ya jawo wa kansa. Gaskiya ne taba ce babbar sila, kusan kashi 85 cikin 100 a duniya inji Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma uwar da ta shekara 40 tana hura itace da kara a madafa marar taga, sigari nawa ta sha? Hayaƙin girki na cikin abubuwan da ke kawo ciwon. Haka ƙurar dutse da samarinmu ke shaƙa a ramukan zinariya na Jado, inda aka yi ta tururuwa tun 2014. Ita kanta tabar, mai ƙaramin ƙarfi ake bi da ita kara-kara har ƙofar makaranta, alhali dokar yaƙi da taba ta 15 ga Mayu 2006 ta hana sayar wa yara, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a.

To, me za mu yi?

Na farko, a gida. Duk wanda tarinsa ya wuce sati biyu, a kai shi awon majina. In awo bai nuna tarin fuka ba, ko ana shan magani wata biyu babu sauƙi, ku koma ku tambaya cikin ladabi: Likita, ko akwai wani abu daban da ya kamata a duba? A nemi hoton ƙirji da takardar turawa gaba. Ku da kuka yi boko, ku raka tsofaffinku, don sau da yawa kunya ce ke hana su tambaya. Amma kar kowa ya yanke maganin tarin fuka da kansa.

Na biyu, a fada. Shishar da ake zagayawa da ita wurin shayi taba ce, ruwan da ke ciki bai tace gubar. Wanda ya bari yau, haɗarinsa na raguwa shekara bayan shekara.

Na uku, wajen hukuma. Mu nemi shugabannin gundumominmu, daga Matankari da Dankasari zuwa Kore Mairuwa, su tanadi asusun kai marasa lafiya Yamai. Mu nemi ma'aikatar lafiya ta horar da ma'aikatan CSI kan tarin da ya ƙi jin magani, ta kuma riƙa ƙidaya irin waɗannan marasa lafiya a kowane asibitin gunduma. Mu nemi a saukaka kuɗin gas da murhu mai rage hayaƙi ga matan ƙauye.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, mun yarda. Amma wanda ya riga ya kamu, shi ma ɗan ƙasa ne, yana da haƙƙin a gaya masa sunan ciwonsa tun da sauran lokaci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.