Larabcin Littafi da Larabcin Kasuwa

Ƴan uwa masu saurare a Damagaram da kewayenta, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

A daren yau za mu yi magana a kan wani ruɗani da ya shiga tsakaninmu game da harshen Larabci. Malami ya shekara talatin yana karantar da Ajurumiya da Risala a zaure, sai ya tafi Umra, mai mota ya yi masa magana a Jidda ya kasa ganewa. Abokan tafiya su dawo suna raɗa cewa ashe Malam ba ya jin Larabci. Wani yaro kuma ya yi shekara biyu yana aikin gini a Sabha ta ƙasar Libiya, ya dawo bakinsa na zuba Larabci, sai a fara kai masa tambayar aure da saki. Duka biyun kuskure ne, na biyun kuwa ya fi haɗari.

Ku sani Larabci hawa biyu ne. Akwai Fusha, wadda da ita Alƙur'ani ya sauka, da ita aka rubuta hadisi da fiƙihu, da ita ake huɗuba da karanta labarai. Akwai kuma Ammiyya, ko Darija, wadda uwa ke yi wa ɗanta, ake ciniki da ita a kasuwa. Kowace ƙasa da tata. Idan kana son abu, a Fusha ka ce uridu. Bamisire ya ce ayiz, ɗan Sudan ya ce dayir, ɗan Libiya ya ce nibbi, mutumin Makka ya ce abga. Kalmar yanzu a littafi al'ana ce, amma a Alƙahira dilwa'ti, a Tarabulus tawwa, a Maroko daba.

Wani lokaci kalma ɗaya ce ma'ana ta rabu. Aish a Masar burodi ne, a Kuwait dafaffiyar shinkafa, a Chadi kuwa tuwo. Kalmar afiya, wadda daga gare ta muka samo lafiya, addu'a ce mai daɗi a Sham, amma a bakin mutanen Maroko wuta take nufi. Har haruffa suna sauyawa: harafin da ke farkon ƙalbu, mutumin Alƙahira yana mayar da shi hamza, ɗan Sudan ya mayar da shi ga. Shi ya sa Balaraben Bagadaza da na Fas sukan sha wuya kafin su fahimci juna, sai sun jingina da Fusha. To, in Balarabe bai gane ɗan uwansa ba, mene ne laifin malamin zaure?

Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, fataken Gadamas da Tarabulus sun zauna a Zango, suna kawo tufafi da takarda, suna sayen fatu da gashin jimina. Kakanninmu sun yi ciniki da su, wasu sun koyi bakinsu. Amma malaman Birni, duk da a kan takardar fataken suke rubuta Alƙur'ani, karatunsu a gaban malamai suka ɗauko shi, a nan gida da Barno. Sun san bambancin ɗan kasuwa da malami. Har yau muna maƙwabtaka da Larabawan Tasker da Shuwa na bakin tafkin Chadi, kuma ɗansu ma in yana son fiƙihu sai ya durƙusa ya koyi nahawu kamar ɗan Bahaushe.

Kada wani ya ɗauka cewa karin harshe abin raini ne. Allah Ya ambaci sassaɓawar harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinSa a Suratur Rum, aya ta 22. Tun zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Ƙuraishawa da Banu Tamim da Huzail ba su furta komai iri ɗaya ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji Hishamu ɗan Hakim yana karanta Suratul Furƙan ba yadda shi ya koya ba, ya jawo shi har gaban Manzon Allah. Annabi ya saurari kowannensu, ya tabbatar da karatun duka biyun, ya bayyana musu cewa Alƙur'ani ya sauka a kan haruffa bakwai. Amma ku lura, wannan sauƙi wahayi ne ya zo da shi, kowa daga bakin Annabi ya karɓa. Haka Warshu da muka gada da Hafsu da ƴaƴanmu ke koyo a madarasa, kowace riwaya ce mai isnadi. Ba a karanta Alƙur'ani da karin kasuwa.

Don haka ga nasiha uku. Ɗalibin da ke shirin tafiya Azhar ko Madina ko Jami'ar Musulunci ta Say, ya ƙarfafa Fusha tun daga gida, domin ita ce gindin, kuma mai ita yakan kama karin gari cikin ƴan watanni. Wanda zai tafi neman abinci ko aikin Hajji, ya koyi abin da zai tambayi hanya da shi, ya faɗa wa likita inda ke masa ciwo, ya fahimci sharaɗin aiki kafin ya amsa. Wannan ma alheri ne, domin Annabi ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda bukatar al'umma. Mu kuwa da ke gida, kada mu auna ilimin mutum da saurin bakinsa. Mu tambaya a gaban wa ya yi karatu, kuma wane littafi ya sauke. Saki ɗaya da aka yanke bisa fatawar wanda bai san nahawu ba ya isa ya rushe gida.

Wanda kuma ya dawo da Larabcin kasuwa, ya ji tsoron Allah, ya faɗa wa mai tambaya cewa wannan ba fagensa ba ne. Kunnensa ya riga ya buɗe, in ya zauna gaban malami zai riga wasu.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya buɗe mana harshen LittafinSa, Ya sa mu cikin ƴantattun bayinSa a wannan wata. Sai gobe in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.