AMSAR WASIƘUNKU: Me Ake Karantawa a Fannin Kuɗi a Jami'a?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani matashi a Gumel. Ya ce ya gama sakandare, yana son ya cike fam ɗin JAMB ya nemi fannin harkar banki da kuɗi, amma gida an rabu biyu. Mahaifinsa, wanda ɗan kasuwar hatsi ne, ya ce ai akanta ke nan, ya je ya karanta. Kawunsa kuma ya ce karatun cin kuɗin ruwa ne, kada ya kuskura. Sannan can ƙasan takardar, da ƙananan baƙaƙe, ya ƙara da cewa bai samu kiredit a lissafi ba.

To ɗan'uwa, mun gode da wasiƙa. Bari in fara da abin da ka ɓoye a ƙasa, domin shi ne babba. Ba a ba da gurbin wannan fanni sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, galibi kuma har da tattalin arziki. A jarrabawar JAMB ɗin ma lissafi na cikin darussan da za ka zauna. Ni na koyar a aji kafin in shigo gidan rediyo, na kuwa san yadda yara ke rakuɓewa bayan aji in an shigo da alli za a yi lissafi. Saboda haka kafin a ci gaba da gardama a gida, ka koma ka sake zana WAEC ko NECO. In ka shiga ta JAMB shekara huɗu ne karatun. Mai difloma ko makamanciyarta yakan fara daga aji biyu, ya yi uku.

Sai maganar Baba. Yana kusa da gaskiya, amma akwai bambanci. Akanta aikinsa ya rubuta abin da ya riga ya faru: nawa ya shigo, nawa ya fita, ina shaida. Shi kuwa mai fannin kuɗi gaba yake dubawa: ina za a samo jari, a me za a zuba shi, me zai dawo, kuma in abin ya ɓaci wa zai ɗauki asara.

Ka dubi sana'ar mahaifinka. Da kaka yakan sayi gero ko masara ya zuba a sito, ya jira farashi ya tashi kafin sabon amfani ya shigo. To akwai kuɗin hayar sito, akwai maganin ƙwari, akwai ɗan dako. Akwai kuma wani abin da ba a gani da ido: kuɗin nan da ya kwanta cikin buhu wata shida, da an juya shi a wata harka, da nawa ya kawo? In ba a sa wannan a lissafi ba, mutum sai ya ɗauka ya ci riba alhali bai ci ba. Farashin ma ba dole ne ya tashi ba, kamar yadda masu ajiya suka gani a 2025 da hatsi ya sauko. Wannan tunani, wato naira ta yau ta fi naira ta baɗi, shi ne tushen karatun baki ɗaya. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda ya ɗaure Naira 100,000 a ƙarƙashin katifa a farkon shekarar, a ƙarshenta kuɗinsa na nan cif, amma abin da za su saya ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ba ɓarawon da ya shigo ɗakin.

A shekarun farko za a ɗora ka kan tattalin arziki, da tushen akanta, da ƙididdiga, da dokar kasuwanci. Daga baya a shiga yadda kamfani ke tafiyar da kuɗinsa, da kasuwar hannun jari, da haraji da kasafin gwamnati, da canjin kuɗin waje. A shekarar ƙarshe ka rubuta kundin bincike. Za ku kuma yi nazarin Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, da irin matakan da yake ɗauka. Misali a 2004 ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25.

Yanzu ga Kawu. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fatawa kuma ba aikin wannan fili ba ce. Ku je tare da shi wajen malamin da kuka yarda da iliminsa. Ba zan kuma ɓoye maka ba, lissafin kuɗin ruwa za ka yi shi a aji har ka gaji. Sai dai ka kai masa waɗannan bayanai. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da ruwa, ya buɗe a 2012, wasu kuma sun biyo bayansa. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na Naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya sukutum ta nazarin banki da harkar kuɗi ta Musulunci. Wanda zai tsara cinikin murabaha ko ijara, dole sai ya iya lissafin nan da ake koyarwa a aji, ko da kuwa don ya san abin da yake kauce wa ne.

Abu ɗaya nake jiye maka. In don ka sa taye ka zauna a banki kake son fannin, ka sani bankuna na ɗaukar wanda ya karanta tarihi ko kimiyya su horar da shi, kuma da yawa daga cikin matasan da kake gani a kanta ma'aikatan kwantaragi ne. Digirin kaɗai ba ya ba ka kujera. Masu dabara sukan haɗa da jarrabawar ƙwararru, irin ta Cibiyar Ma'aikatan Banki ko ta ICAN. Akwai kuma aiki a kamfanonin fansho da inshora da hukumomin haraji, akwai ma siton Baba.

Ga abin da nake so ka yi kafin ka cike fam. Ka roƙi Baba ya ba ka littafin cinikinsa na bara, in yana da shi. In a ka yake riƙewa, ka zauna da shi bayan sallar isha'i ka rubuta. Ka fitar da abin da buhu ɗaya ya ci tun daga kasuwar ƙauye har ranar sayarwa. In ka ga dare ya yi nisa ba ka ankara ba, to fannin ya dace da kai. In kuwa tun shafi na biyu kanka ya fara sarawa, ka sake rubuto mana mu duba wani fannin tare.

Ka gaida Baba da Kawu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wasiƙar wata baiwar Allah daga Maraɗi da ke tambaya kan karatun unguwarzoma.